Tumakin Wales

Ina shekara tara Kaka ta zo mana Rusholme, a Ingila, daga Malumfashi. Baba ya yi hayar ƙaramar bas, wai sai ta ga duwatsun Wales. Awa uku muna hawa muna gangara, ƙanwata tana amai a leda, shi kuwa yana ta cewa, "Hajiya, ku dubi ikon Allah!"

A saman dutse ya tsaya, ya buɗe mata ƙofa yana murmushi. Ta leƙa, ta dubi dabbobin da ke kiwo, ta gyara mayafi.

"Yanzu jirgi ka sa na hau don ka nuna mini tumaki?"

Ko saukowa ba ta yi ba. Bara na kai 'ya'yana wurin. Na tuna da marigayiyar, na yi dariya har da hawaye, ina nema mata gafara.