Wad Ne, Sajan

Sajan Lovelock ya tare ɗan dokin da bakin bindigarsa, ya dubi tsohuwar kamar wanda ya taka kashin kaji.

Mutumin kudu ne, tsohon soja, ga ciki ga baki. Masu mahaƙar baƙin dutse ta kwarin Borrowdale suka ɗauko shi, don dutsen nan mai tsada da ake shafa wa mazubin harsashi yana ta ɓacewa. Sun ce masa in satar ba ta tsaya ba kafin ƙanƙara ta sauka, ya kama gabansa. Ɓarawon da aka kama kuwa, bulala ce, sannan jirgin ruwa ya kai shi bauta ƙetare.

Tsohuwar ita ce Keziah Birkett. Tun da mijinta ya rasu take kai kaya kasuwar Keswick duk Asabar, ba ta taɓa rage wa kowa farashi ba, ko limamin coci.

"Ke tsohuwa, mene ne a ƙunshin nan?"

"Wad ne, Sajan."

Ya soka yatsa. Gashin tumaki ne da ba a wanke ba, sai maiƙo da wari. Ya goge hannu a wando.

"Wad! Har ku 'yan ƙauye kun san kalmar? Curin auduga ko ulu mai laushi, shi ne wad. Da shi ake cika matashi, da shi muke toshe bakin bindiga. Wani kyaftin ya ce mini daga bakin fataken Holan muka samo ta. Kin taɓa jin Holan?"

"Ban taɓa ba, ranka ya daɗe. Da nisa da Keswick?"

Masu gadi biyu 'yan kwarin da ke bayansa suka sunkuyar da kai. Ya ɗauka ladabi ne.

An gaya masa mutanen nan sun fi tsoron rantsuwar ƙarya da igiyar rataya. Sai ya ajiye Littafi Mai Tsarki a bakin ƙofar da yake gadi, ya daina ɓata hannunsa. Duk Asabar Keziah ta ɗora baƙaƙen yatsunta a kai ta rantse: wad ne, Sajan. Baƙin yatsun na sa wa tumaki alama ne, kowa a kwarin haka nasa suke. Ɗan dokin ya wuce yana nishi, ƙafafunsa na nutsewa a laka.

"Dokinki ma rago ne," in ji shi. "Ulu ke sa shi haki."

Wata Asabar ya so ƙunshi ɗaya don matashin kansa. Ta sa masa kuɗin da ya isa sayen saniya da ɗanta.

"Kin haukace?"

"Kayana ne. In ya yi maka tsada, ka kwana kan takalminka."

Ya tofar da yawu, ya koma yana tuɓe wa ma'aikatan mahaƙa riguna, yana leƙa bakunansu. Bai sami ko tsakuwa ba. Dutse kuwa ya cika kasuwa har farashinsa ya faɗi.

Ƙanƙara ta sauka. Masu mahaƙa suka karɓe bindigarsu da jar rigarsu, suka nuna masa hanya.

Yana saukowa da buhunsa a kafaɗa ya tarar da wani makiyayi a gindin garu, ya matse tunkiya tsakanin gwiwoyi yana zana mata alama da guntun baƙin dutse mai sheƙi.

"Kai, ina ka samo wannan?"

"A bakin rafi na tsinta."

"Ka san ko mene ne, jahili? Baƙar dalma ce, dutsen masu mahaƙa da ake sata."

Makiyayin ya juya dutsen a hannunsa, ya dubi baƙon da tausayi.

"Can kudu ƙila haka kuke ce masa. Mu nan tun kakanninmu sunansa wad."