Ƙoƙon Iya Saratu

Shekarar da agana ta shigo ƙauyenmu a ƙasar Roni, zamanin En'e, ina 'yar shekara bakwai. Da ƙuraje suka feso mini, aka kafa mini bukka a bayan gari, kamar yadda ake yi wa kowa. Akwai wani falalen dutse da ba a wucewa. Nan Inna take ajiye mini fura, ta kira sunana tana kuka, ta juya.

Wata rana da la'asar na ji takun mutum ya wuce dutsen. Iya Saratu ce, tsohuwa mai daddawa, ita kaɗai ce Kirista a unguwarmu. A gidanmu ƙoƙonta daban yake, in ta sha ruwa har da toka ake wankewa.

Ta sunkuya ta shigo, fuskarta duk tsohuwar zanzana, warin daddawa ya cika bukkar.

Na ce, "Iya, magani kika kawo?"

Ta ce, "Ba ni da magani, 'yar nan, zama na zo yi. Yesu bai ce in warkar da ke ba, cewa ya yi in zo in duba ki."

Ta zauna tana kore mini ƙudaje da faifai. Da na kasa shanye furar, ta ɗauki ƙoƙon da na sha ta shanye sauran, ko bakinsa ba ta goge ba.

Yau ga ni da jikoki, ina nan riƙe da sallata. Amma ko a miya na ji daddawa sai kunya ta rufe ni, don ni ce mai wanke ƙoƙonta da toka.