Hoton Jan San Malam Ilu

Tunda kin ce hotuna sun yi wa kwamfutar ofishinku nauyi, har kina shirin rage musu girma, to ja kujera ki ji abin da ya sami wani akawu kafin ki taɓa komai.

Ɗayyabu ake ce masa, shi ne mai kula da rumbun bayanai na ƙungiyar masu shanun huɗa a wani gari. Dokar ƙungiyar ita ce duk wanda ya sayi sa, sai a ɗauki hotonsa, fuska da ƙaho da tsagar kunne, a shigar a kwamfuta da sunan mai shi, don gudun ɓacin rana. Hotunan suka taru, kwamfutar kuwa tsohuwa ce, in aka ce ta fitar da rahoto sai mutum ya sha shayi ya wanke kofi ba ta gama ba. Shugaban ƙungiya ya yi ta mita. Ɗayyabu mutum ne mai son a ce ya iya, sai ya zauna wata Laraba ya matse hotunan nan kaf, kowanne ya koma bai fi farcen babban yatsa ba. Abokiyar aikinsa ta ce ya kwashe na asalin ya adana a wani wuri tukuna. Ya yi dariya ya ce sa ai sa ne, wa zai tsaya ƙirga gashinsa, ya goge na asalin don a sami fili. Rahoto ya koma fita kafin ƙiftawar ido, shugaba ya yaba masa a gaban taro, shi kuma kansa ya yi girma. A fuskar kwamfuta hotunan ƙanana ne, ba wanda ya ga aibunsu.

Ana gab da faɗuwar damina aka sace jan san wani dattijo, Malam Ilu, ɗaya daga cikin shanu biyu da yake huɗa da su. Bayan kwana tara aka hango shi a karar wata kasuwa, a hannun wani dillali da ya rantse sayensa ya yi. Sarkin kara ya ce a tsare san zuwa kasuwa mai zuwa, mai shi ya kawo shaida. Malam Ilu ya zo ofis hankalinsa kwance, don ya san sansa yana da farin ɗigo a ƙasan idon hagu da tsaga biyu a kunnen dama, kuma da kansa ya riƙe igiya ranar da aka ɗauki hoton.

Ɗayyabu ya buga rahoton a takarda. Hoton ya fito dishi-dishi, kamar ana kallon dabba a cikin ruwan kududdufi. Ya ƙara masa girma, sai ya watse ya zama 'yan murabba'ai ja da ruwan ƙasa. Ya ɗora wa firinta laifi, ya canza tawada, ya sayo takarda mai sheƙi. A kwana na uku ya gano cewa manhajar rahoton ma tana ƙara matse hoto, ya gyara saitin, ya gwada da sabon hoto, ya fito tas har ana ganin ƙuda a kan hancin dabbar. Ya yi hamdala, ya sake buga na Malam Ilu, yana nan yadda yake. Daga nan ya kwashi jiki sai shagon wani mai hoto da ake cewa har hoton da ya sha ruwa yana farfaɗowa. Mutumin ya duba ya girgiza kai ya ce, "Malam, ludayi ba ya ɗebo abin da babu a tukunya. Ina na asalin?" Ɗayyabu ya ɗauki takardarsa ya fita.

Ranar kasuwa ya bi Malam Ilu da takardarsa, ko Allah zai sa a dace. Sarkin kara ya kawo ta kusa da ido, ya nisanta ta, ya miƙa wa na kusa da shi, sannan ya ce, "Wannan ai kowane jan sa ne. Ina ɗigon? Ina tsagar?" Ga sa a tsaye da ɗigonsa da tsagarsa, yana miƙo wuya wajen mai shi, amma dillali ya kawo mutum biyu da suka ce a gabansu ya saya, takarda kuwa ba ta ce komai ba. Aka bar wa dillali san.

Da Malam Ilu ya zagi Ɗayyabu, da abin ya zo masa da sauƙi. Sai dattijon ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ba komai, ɗana, na ga wahalar da ka sha. Na'ura ce ta ci amanarmu." Ɗayyabu ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, kunya ta danne shi, kuma har yau wannan shirun yana cin ransa fiye da gogewar da ya yi.

Sa ɗaya ba ya jan garma. Duk daminar nan, in Ɗayyabu ya bi ta gefen gonar a kan babur, sai ya ga ɗayan san a ɗaure a gindin ɗorawa yana tuƙa, tsohon kuma a duƙe da garmar hannu, bai kai ko rabin gonar ba. Rahoton Ɗayyabu dai yana fita da sauri, ba wanda ya ƙara yin mita.

Don haka ki rage hotunanki in kina so, amma ki adana na asali. Hausawa suka ce, garin neman gira aka rasa ido.