Muryar da Ke Saukowa daga Kan Dutse

Tunda ka zo kana cewa mutanen waje ne suka ɓata muku zaman ƙungiya, gyara zama in ba ka wani misali.

An yi wani mai gyaran rediyo a wani gari da ke gindin dutse, inda wayar salula ba ta kamawa. Shi da abokansa masu sha'awar rediyon oba-oba, irin wadda ake magana da juna ta cikinta, suka nemi izinin hukuma, suka kafa dogon ƙarfe a ƙolin dutsen, suka ɗaura masa eriya, suka ɗaɗɗaure shi da igiyoyin ƙarfe don kada iska ta kayar da shi. A gindinsa suka gina ɗan ɗaki suka ajiye na'urar da ke karɓar maganar wanda yake wannan gefe na dutsen ta cilla wa na wancan gefe. Ba don kuɗi suka yi ba. Da ita masu kwalekwale ke sanar da juna kogi ya kawo ruwa, da ita ake kiran mai mota idan haihuwa ta zo da gardama a ƙauyukan bayan dutse.

Aka yi shekaru lafiya. Wata damina, bayan la'asar, sai rediyoyin suka buɗe ba wanda ya taɓa su. Muryar wani namiji ta fito a shaƙe, kamar daga cikin rijiya, tana salati tana jero sunaye: wane ya rasu, za a yi jana'iza a ƙofar gidansa. Takan yanke a tsakiyar suna, a ji huci kawai, can ta dawo. Kullum haka, kuma ta fi ƙarfi idan hadari ya haɗo iska tana kaɗawa. Mata suka ce a fitar musu da abin daga ɗaki. Wani mai kwalekwale ya ji suna irin nasa haɗe da na mahaifinsa, ya jefa tasa rediyon cikin kogi. Aka fara raɗe-raɗin mutanen ɓoye na dutsen ne suka gaji da ƙarfen da aka kafa musu a ka.

Mai gyara bai tsorata ba, don ya gane muryar. Mai karanta sanarwar rasuwa ne na wani babban gidan rediyo a birni, wanda ake hango eriyarsa daga ƙolin dutsen. Ya hau babur ya je ya yi musu tas, ya ce injinsu yana zubo magana a layin da ba nasu ba. Injiniyansu ya auna a gabansa, ya nuna masa komai yana kan ƙa'ida. Bai yarda ba. Ya kai ƙara, ya sayo mataci mai tsada, mai tare baƙuwar murya, ya ɗaura a bakin na'urar, muryar ba ta fasa ba. Duk hawan da yake yi ɗakin na'ura kawai yake shiga. Bai taɓa tsayawa ya duba ƙarfen ba, tunda da hannunsa ya kafa shi. Mutane kuwa bayaninsa bai shige su ba, da an yi la'asar kowa ya kashe rediyonsa.

Ana cikin haka maciji ya sari wani manomi a bayan dutse. Matarsa ta ɗauki rediyo tana kira. Rediyon mai gyara kaɗai ce a kunne. Yana jin kukan mace can ƙasa, muryar namijin nan tana bisa kanta tana ta jero matattu, ya kasa tsintar sunan ƙauyen. Kafin a gano inda take, rai ya yi halinsa. Washegari bayan la'asar, sunan manomin ya fito daga rediyon mai gyara, a cikin wannan shaƙaƙƙiyar murya.

Ya hau dutsen da rediyon a hannu. Ba kowa a sama sai iska. Gajiya ta sa ya dafa ɗaya daga cikin igiyoyin ƙarfen, sai muryar ta ɗauke cak. Ya saki, ta ci gaba da kiran sunaye. Ya sake dafawa, ta yi shiru. Ya bi igiyar da hannu har inda aka ɗaure ta da noti, ya tarar tsatsa ta cinye wurin, ja wur kamar busasshen jini, ƙarfe yana gugar ƙarfe duk lokacin da iska ta motsa shi. Tsatsar nan ce ke kamo ƙarfin gidan rediyon, ta cakuɗa shi da na na'urarsu, ta mayar mata a daidai layin da take saurare, inda mataci ba ya iya tarewa. Ya kankare, ya canja notin, ya shafe shi da man giris. Daga ranar ba a ƙara jin muryar ba.

Da ya je ta'aziyya, matar manomin ta tambaye shi daga bayan labule: "Malam, ran nan da nake kira, akwai wanda ya ji ni kuwa?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji ki."

To ka ji. Kafin ka tafi yin faɗa da na waje, zagaya ka shafa ginin gidanku tukuna. Hausawa sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.