Tafin Hannu a Bakin Majigi

Kun ce za ku riƙa haska wa yara fim a makaranta don su koyi halin Kirista. Ban hana ku ba. Amma ku gyara zama ku ji wannan tukuna, don ni ban yi boko ba, ido na yi.

An yi wata yarinya a makarantar mishan ta 'yan mata da ke gindin wani dutse, wadda ta daɗe tana yawo da abu a ƙirji. Wata Asabar aka ba ta gugar rigunan 'yan ƙungiyar waƙa. Ta cika dutsen guga da garwashi, ta ɗora shi a kan tulin rigunan, ta leƙa waje kallon masu tsallen igiya, kallo ya ɗauke ta. Kafin ta dawo riguna sun zama toka. Da aka tara ɗalibai ana tambaya, sai wata ta ce ta ga wata 'yar ajinsu ta gitta ta ƙofar ɗakin. Ita mai laifin ta yi gum. Aka haɗa wa waccan akwatinta, aka mayar da ita ƙauyensu tana kuka tana rantsuwa. Tun daga ranar mai laifin nan, in ana waƙar sujada ma, baki kawai take motsawa.

Ana nan sai malamar addininsu ta aro majigi, ta samo wani fim da ya cika gari, wanda har masu suyar ƙosai ke ba juna labarinsa. Manyan 'yan mata suka ce labarin wani mutum ne da ya tafka mugun abu, kuma aka yafe masa. Da yarinyar ta ji haka, sai ta ƙagara ta kalli fim ɗin. Abu ɗaya take so ta gani: girman laifin mutumin nan, ta kara shi da nata kamar yadda ake kara atamfa a jiki. In har nasa ya fi nata kuma aka yafe, to washegari za ta je gaban shugabar makaranta ta faɗi gaskiya, a dawo da baiwar Allah.

Bayan abincin rana aka toshe tagogin aji da barguna. Janareto na gunji can bayan kicin kamar ƙudan zuma a kogon itace. Haske ya tsaga duhu, ƙurar alli na iyo a cikinsa kamar ƙananan kifaye, sai ga bango ya buɗe: korayen gonaki, rafi, da wani kyakkyawan mutum yana gaida tsohuwarsa a durƙushe. To, ita malamar nan mace ce mai tsoron Allah, tsabtarta har ta yi mata yawa, ta riga ta yi alkawari a ranta cewa ba wata ƙazanta da za ta shiga idon 'ya'yan mutane a hannunta. Da fuskar mutumin ta fara sauyawa, sai ta murɗe muryar fim ɗin, ta sa tafin hannunta ta rufe bakin majigin. Hasken ya ratsa naman hannun, bango ya yi ja-ja-ja kamar faɗuwar rana, malama na rera waƙar yabo a hankali ta hanci. Wasu suka fara gyangyaɗi. Yarinyar ta ji kamar tana cikin kwalekwale a kan jan ruwa marar gaɓa, tana ta miƙa wuya ko za ta hango tudu. Da aka ɗaga hannu, sai ga mutumin a mota yana kallon titi. Can fuskarsa ta sake sauyawa, jan ruwan ya sake malalowa. Haka aka yi ta yi, a buɗe a rufe, har aka zo inda yake kwance a ƙasa yana kuka, tsohuwa ta tashe shi ta rungume, 'yan'uwa na ta murna.

Aka yaye barguna, rana ta soki idanu. Malama ta tambayi darasi, aji ya amsa baki ɗaya cewa Allah yana son mutanen kirki. Ai ba su yi ƙarya ba, mutumin kirki kaɗai aka nuna musu. Da kowa ya watse, yarinyar ta matso tana murza gefen ɗankwalinta.

"Malama, wai me ya yi ne?"

Malama ta dafa kanta tana murmushi. "Bar shi kawai, 'yata. Irin wannan abin ba a ko ambatarsa, baki ma ƙazanta yake yi."

Yarinyar ta ce to. Ta kuwa riƙe darasin fiye da kowa a ajin: ba ta ambaci laifinta ba, ba ranar ba, ba bayanta ba. Waccan da aka kora ba ta ƙara taka makarantar ba. Teburinta aka ja zuwa tsakiyar aji, a kansa ake ɗora majigi duk mako.

Wanda bai ga zurfin rijiya ba, ina zai san tsawon igiyar da ta ciro mutum? Malama ta tsare wa yara ido daga mummunan gani, gafarar da ta tara su don su gani kuwa ta tafi da ita a tafin hannunta. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.