Takalman da Suka Ƙi Zuwa Fili

Tunda ka ce gobe za ka fara tara yaran unguwarku, zauna in ba ka labarin wani mai koyar da ƙwallo, kada ka tafi da zafin kai irin nasa. Mutumin kirki ne, wallahi, ba cin namansa nake ba. Ɗan masu hali ne, a gidansu ranar da takalmi ya matse ka ranar ake sayo wani. Ya sami wani fili a bayan kududdufi, cikin wata unguwa da ruwan famfo ma sai an yi sa'a, ya kwashe kwalabe da ledoji, ya kafa turaku. Kullum da yamma yara talatin ke zuwa, ƙafa ba takalmi, su buga har su gaji, sannan a zaunar da su a duba littattafansu na makaranta, a ba kowa kofin kunu da ƙosai uku. Kada ka raina ƙosan nan, akwai yaron da tun safe shi yake jira. Wata ƙungiya ce ke ɗaukar nauyin abin. Sai ta aiko cewa ana saura kwana biyar Babbar Sallah wakiliyarta za ta zo ta ga yaran da idonta. In ta tarar da fili a cike a ci gaba, in ba haka ba a kai tukunyar kunun wata unguwa. Tare da saƙon aka aiko da takalman ƙwallo sababbi fil, masu ƙusoshi a ƙasa, kowane yaro da nasa. Mutumin nan ya raba cikin murna, ya ce kowa ya tafi da nasa gida, gobe a zo da su a fara sabawa.

Washegari yara talatin suka zo cif, ko ɗaya babu mai takalmi. Ya tambaya, kowa ya sunkuyar da kai ya ce yana gida. Kwana biyu haka, kwana uku haka. Kansa ya ɗaure. Ya ce ko matse su suke yi, sai ya tuna shi da kansa ya gwada wa kowa. Ya ce to an sayar, ya shiga kasuwa wajen 'yan gwanjo rumfa rumfa, bai ga ko igiya ɗaya ba. Ya ce yayyensu ne suka ƙwace, ya je filin manya ya wuni yana kallon ƙafafun mutane kamar wanda allurarsa ta faɗi. Babu. Har wajen mai unguwa ya je ko an baza wata jita-jita a kan takalman, mai unguwa ya ce shi dai bai ji ba. Ka ga ya tambayi kowa ban da matan gidajen. Shi namiji ne, iyakarsa ƙofar gida, kuma bai taɓa kawowa a ransa ya aiki wata mace ta shiga ta ji masa ba. Da abin ya ishe shi sai ya ɗauka raini ne, ya busa usur ya kafa doka: wanda ba zai zo da takalmi ba, kada ya sake tako masa fili. Kai, wannan doka! Washegari yara goma sha biyu suka zo suka tsaya daga nesa, da aka kwana sai bakwai, daga nan sai huɗu. Kunu ya riƙa hucewa a tukunya, shi kuma yana zagaya fili yana magana shi kaɗai, ya rasa laifin wa zai gani. Ranar da wakiliya ta zo, yara huɗu ta tarar. Ta tambaye shi ina sauran, ya ce, "Wallahi, Hajiya, ban sani ba." Gaskiya ya faɗa. Ta yi rubutunta ta tafi, aka ɗauke shirin daga unguwar.

Ranar Sallah da safe yana kan hanyar Idi sai ya ji ƙwas-ƙwas-ƙwas a kan kwalta, kamar an koro awaki. Ya waiga. Yaransa ne, ga su nan rututu, wasu da sabon ɗinki, wasu da tsohuwar riga wankakkiya, kowa sanye da takalminsa na ƙwallo yana sheƙi, suna taku a hankali kada su zame. Wata tsohuwa ta gane shi, ta matso da fara'a ta ce, "Kai ne mai takalman? Allah ya saka maka da alheri, ɗan nan, bana ka rufa mana asiri. Da mun biye wa yaran nan da tuni sun kashe su a fili. Muka kulle a akwati. Wa ke taka sabon takalmi kafin Sallah?"

Yaran suka yanyame shi suna barka da Sallah, suna nuna masa ƙafafunsu, suna cewa yanzu an bar musu takalman, gobe ƙarfe nawa za su zo fili.

Shi ya sa Hausawa suka ce rashin sani ya fi dare duhu.