Buhun Ƙyallayen Matar Tela

Na ji ka ɗazu kana mita wai maiɗakinka ta cika maka gida da tarkace. Gyara zama in ba ka misali. In ka ga dama ka ɗauka, in ba ka gani ba ka bar mini kayana.

An yi wani tela a bakin kasuwa, gwani na gaske, amma irin gwanayen nan da kowa ke cin moriyarsu ban da mutanen gidansu. Kayan matarsa su ne na ƙarshe a kan kekensa, sai ya sallami gari kaf sannan ya yanka nata. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Abu ɗaya ta roƙa: duk zanen da ya yanka mata, ya dawo mata da ƙyallen da ya rage, ko da bai kai tafin hannu ba. Tana da wani tsohon buhun shinkafa a bayan ƙofa, nan take tarawa. Guntun atamfar lefenta na ciki, da na leshin da ta ɗaura ranar sunan 'yarsu, da ankon bukukuwan da ita kaɗai ke tuna na wane ne. Burinta ƙarami ne, har dariya yake ba shi. Ta taɓa gani a gidan wata ƙawarta an harhaɗa ƙyallaye, an ninka an ɗinke, an yi 'yan ƙananan faya-fayai da ake ɗora kofi a kai don kada ya ɓata tebur. Shi kuwa kofin shayinsa kullum sai ya bar zobe a kan teburinsu, ita ke bi tana gogewa. Ta ce ya ɗinka mata guda shida, ita za ta zauna kusa da shi ta nuna masa ƙyallen da zai bi wane. Aikin da ba zai kai daga azahar zuwa la'asar ba. Ya ce sai bayan ƙaramar Sallah. Ta wuce, ya ce sai bayan babba. Ka san alkawarin tela. Haka aka kwashe shekara goma sha shida, buhu na cika har ya fara tokare ƙofa. Rannan ta tafi ganin gida, ya yi tuntuɓe da buhun, haushi ya kama shi, ya saɓa shi ya kai wa wata mata mai cusa matasan kai da ƙyallaye. Da matar tasa ta dawo ta leƙa bayan ƙofa, ta dube shi. Ta ɗauki tsumma ta goge tebur. Ni dai a ganina gara a zage ni da a yi mini irin wannan shirun.

Bayan damina biyu Allah ya yi mata rasuwa. Aka raba kayanta yadda aka saba, na gado aka ba magada, saura aka yi sadaka. Shi da bakinsa ya ce a kwashe duka, don ganinsu na karya masa zuciya. Da aka yi arba'in jama'a suka watse, gida ya yi masa faɗi, sai ya shiga neman abin da ya kora da kansa. Ya buɗe akwatinta, wayam. Ya so ya tuna zanen da ta fi so, wanda shi ya yanka da almakashinsa, ya kasa, domin ya ɗinka wa dubban mata, zannuwa duk sun cakuɗe masa a ka. Kewarta ta dame shi ƙwarai, ga shi ba shi da ko zare nata da zai riƙe a hannu. Wata safiya ya ɗaga kofi ya ga zobe a kan zobe, babu mai gogewa. Bai buɗe shago ba ranar, ya nufi gidan mai matasan kai. Ta ce, "Ayya, Malam, ai tun bara waccan na cusa su, an kai kasuwannin ƙauye an sayar." Wato lefen matarsa da sunan 'yarsa suna can ƙarƙashin kawunan mutanen da bai sani ba. Da ta ga yadda ya tsaya ya kasa tafiya, ta shiga ta lalubo buhun, ta juya cikinsa waje. Ƙyallaye huɗu sun maƙale a kusurwar gindi. Na can ƙasa kuwa su ne na farkon shiga, har da guntun atamfar lefen, shuɗiya mai ganyen rawaya. Yana gani ya gane ta.

Ya koma shago ya hau keken ɗinki. Kafin shayinsa ya huce ya gama ɗinkin da ya gagare shi shekara goma sha shida. Sai dai guda ɗaya aka samu, ba shida ba. Daga baya sau uku yana farkewa yana sakewa, don bai san wanne take so ya zauna kusa da wanne ba, kuma babu wanda zai tambaya. Har ya tsufa bai iya ɗora kofi a kan ɗan faifan nan ba, yana tsoron kada shayi ya ɓata shi. Faifan na kan tebur, kofin na gefensa yana ta barin zobensa.

Kai taka tana nan da ranta. Kafin ka taɓa mata tarkacen nan, je ka tambaye ta abin da take so ta yi da su, ka kuma saurari amsar. Hausawa suka ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take.